Kantu da Dakuwa a Bakin Tashar Ƙaura

Ku matso ku zauna. Ke mai waya, ajiye ta a kan tabarma, ba inda za ta. Na ga abin da kuka nuna mini: wata mata da hannu sumul, ko tabon ƙuna babu, ta zuba sukari, ta zuba riɗi, ta ɗan juya, sai ga kantu a yanke reras a faranti kafin mutum ya gama hamma. Har kuna cewa, "Inna Hajo, ashe abin nan ba wuya!" Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Wanda ya ɗauki hoton nan bai nuna muku wadda ta rege riɗin ba, bai kuma nuna wadda ta wuni tana faɗa da kaji ba. Tunda kun ce koyo kuka zo yi, ku fara jin yadda ni aka koya mini, in ya so wadda ta ga za ta iya sai ta gyara ɗaurin zane.

Aikin farko da Gwaggo Hassi ta ba ni a Shinkafi shi ne rege. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, a hannunta na tashi, kuma duk unguwarmu ba wanda bai san kantunta da dakuwarta ba. Ran Alhamis kuwa, ranar kasuwa, tun da hantsi tirenta yake ƙarewa. Shi riɗi a ƙasa ake kakkaɓe shi a gona, saboda haka da yashinsa yake zuwa, kuma ƙwayar riɗi da ƙwayar yashi kansu ɗaya, ido ba ya raba su. Ruwa ne kawai yake rabawa. Ki sami ƙwarya biyu, ki zuba ruwa, ki riƙa kaɗawa a hankali kina tsiyaye riɗin cikin ɗayar, yashi yana kwantawa a ƙasa. Ki sake, ki kuma sakewa. In na gama na kai mata ina washe baki, ko kallon ƙwaryar ba ta yi. Sai ta ɗebo da hannu ta ce, "Buɗe baki." Ta ɗura mini. "Tamna."

Ina taunawa tana kasa kunne kusa da kumatuna kamar mai sauraren rediyo. Da ta ji ƙaras, magana ta ƙare.

"Koma bakin rijiya. Haƙoran mutane na za su ci shi, ba dutsin niƙa ba."

Na daɗe ban taɓa kasko ba. Daga rege sai surfe: a ɗan yayyafa wa riɗin ruwa, a daka shi a turmi da sanyin hannu har ɓawonsa ya saki, don a ɓawon nan ɗaci yake. In kin cika hannu ya zama mai, kin yi asara. A sake wankewa, ɓawo ya taso sama a zubar, sannan a baza a rana. Nan ne yaƙi yake. Akwai wata fingin kaza ta maƙwabtanmu da har yau in na tuna ta sai na yi tsaki. In na kore ta sai ta juya baya ta yi kamar ta haƙura, tana tafiya tana tsattsagar ƙasa kamar wata mutuniyar kirki, da na sunkuya in gyara bakin tabarma sai in ji ƙwas-ƙwas a bayana. Ta zagayo ta bayan rumbu! Ranar da aka yanka ta da Sallah, ni na roƙi a ba ni fiffike, na ci ina yi mata gori.

Gyaɗa ma, wadda mu nan muke ce wa gujiya, ba a zuba ta a kasko haka kawai. A faifai ake baza ta a bi ta ɗaya-ɗaya. Duk wadda ta yamutse, ko ta yi baƙi-baƙi, ko ta yi funfuna, waje. Gwaggo ko akuyarta ba ta yarda ta ci irin wannan ba, cikin murhu take watsa ta. Guda ɗaya in ta kuɓuce ta shiga turmi, duk dakuwar sai ta yi ɗaci, kuma ba ɗacin ne kaɗai ba, cuta ce a cikin mutum.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Kaskon suya na ƙasa ne, daga wata maginiya ta Zurmi, don na ƙarfe zafinsa na gaggawa ne, yana ƙona ƙasa sama tana ɗanye. Muciya guda ta kantu kaɗai. Tire mai faɗi, kwalba mai santsi ta murzawa, da wuƙa doguwa. Sai turmin kirya, wanda ba a daka komai a cikinsa sai dakuwa. Wata rana Gwaggo ta tafi gaisuwar mutuwa, wata maƙwabciya ta shigo ta ari turmin ba tare da kowa ya lura ba, ta kirɓa daddawa a ciki, ta ɗauraye ta mayar. Muka daka dakuwa muka kai kasuwa. Wani mai awon hatsi ya saya ya gutsura, ya tsaya yana juya ta a baki, ya dubi Gwaggo ya ce, "Hassi, na ji miyar. Ina tuwon?" Rumfar nan gaba ɗaya ta kwashe da dariya. Gwaggo ta ɗauke tirenta ta dawo gida, tun daga ranar kuma, in za ta fita sai ta kife turmin a ƙuryar ɗaki ta ɗora masa tabarma.

Suyar riɗi da kunne ake yin ta. Wuta kaɗan, ta itace, ba ta kara ba mai tashi fuu ta mutu. Kina juyawa za ki ji ya fara ƙas, ƙas, jefi-jefi, daga nan sai ya ɓarke da tsalle, ya shiga gashi, ya shiga ido, ya shiga wuyan riga, kina rawa kina juyawa. In ƙarar ta fara raguwa, ki ɗauki ƙwaya ki murza tsakanin yatsu. Ta farfashe ta bar maiƙo, sauke. In kika tsaya amsa sallama, kin soya wa kanki gawayi.

Ranar da aka fara barina da tukunyar sukari ni kaɗai, ba zan manta ba. Gwaggo na ɗaki tana sallar azahar. Na narka sukari ya yi ja kamar zuma, na matsa lemun tsami, na ɗiga a ruwan sanyi ya daskare yadda ake so. Na juye riɗi, na juya, komai ya haɗe tsaf. Saura in juye a tire in murza. Sai ga ganga a ƙofar gida, yara na ihu, masu wasa da biri sun zo! Na ce bari in leƙa kawai. An sa wa birin wando da hula, yana kwaikwayon tafiyar tsohuwa da sanda. Ai kuwa na leƙa. Da na dawo, muciya na tsaye ƙiƙam a tsakiyar tukunya kamar an dasa ta. Na ja, ta ƙi. Na taka bakin tukunya da ƙafa na ja, ta ƙi.

Gwaggo ta fito da tasbaha a hannu, ta tsaya ta duba. Ta kama muciyar ta ɗaga, sai tukunya ta biyo ta sama.

"Mi kinka yi nan, Hajo?"

"Kantu na, Gwaggo."

"A'a, wanga ba kantu ba na. Gulma ta kinka yi muna, kulkin kashe kura."

Ta saɓa abin a kafaɗa, ta kama hannuna, ta bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya tana sallama tana cewa, "Ku fito ku ga aikin ɗiyata!" Mata na fitowa suna faɗuwa don dariya. Da muka dawo ta rataye shi a zaure, yaran unguwa suka yi ta zuwa suna lasa har tukunya ta fito da kanta. Ba ta doke ni ba, ko zagi babu. Amma daga ranar ko amarya aka wuce da ita ta ƙofar gida, in sukari na kan wuta, ban san an yi ba.

Aure ne ya kawo ni Ƙaura, lokacin jirgin ƙasa yana zuwa sosai. Maigidana lebura ne a tashar jirgi, ni kuma na kafa tirena a bakin hanya inda fasinja suke fitowa. Mutum ya kwaso doguwar tafiya, cikinsa ba komai, ya ga kantu yana ƙyalli, ai ba sai an yi masa talla ba. Da jirgi ya ja baya na koma tashar mota, a nan na tsufa. Direbobi su ne manyan masu sayena. Wani zai ce dakuwa biyu da ruwa sun riƙe shi har Gusau ya dawo bai nemi tuwo ba. Matan Fulani kuma in sun sayar da nono sukan biyo ta wurina, mu yi musaya, su ba ni man shanu in ba su kantu su kai wa yara ruga.

Akwai wani kantu da na yi wanda ya canza mini suna. Ranar itacen ɗanye ne, na yi ta fama da wuta, da ta kama kuma ta kama da yawa, sukari ya ɗan wuce. Kantun ya fito kyakkyawa amma da tauri, sai na ware shi gefe na ce na yara ne masu haƙoran ƙarfe. Sai ga Malam Buba, wani dattijon Bafulatani dillalin shanu daga Jangeru, ya sauko daga mota da rawani ya naɗe haɓa. Kowa a tasha ya san turmin haƙorinsa ya daɗe yana ba shi wahala. Mutumin da yake kama bijimi da ƙaho, amma in aka ce ya je a cire haƙorin sai ya ce yana da uzuri. Kafin in buɗe baki ya miƙa hannu ya ɗauki na gefen nan.

"Malam Buba, wanga ba naka ba na, aje shi!"

"Don mi? Tsohuwa ta ni?"

Ya kai baki ta ɓangaren da ya manta. Muka ji ɓas. Ya tsaya cak, idanu waje. Ya zaro kantun a hankali, sai ga haƙori a tsaye a jikinsa, da saiwarsa da komai, kamar an shuka. Ni kuwa har na fara duba ta inda zan bi da tirena. Ya sa harshe ya lalubi gurbin, ya tofar, ya sake lalubawa. Sai ya ɗaga kantun sama ya ƙwala, "Jama'a! Ya fita! Wallahi ya fita, ko zafi ban jiya ba!" Ya kama rawa a tsakiyar tasha, rawani na warwarewa yana jan ƙasa, 'yan kamasho na yi masa tafi.

Tun daga ranar direbobi suka sa mini Likita. Duk wanda ya shigo tasha da kumburin kumatu sai su nuna masa ni. Wani bawan Allah har daga Dauran ya zo, ya durƙusa a gabana da gaske, ya rage murya ya ce a ba shi irin na cire haƙori. Da ƙyar na lallashe shi ya tafi asibiti, ina magana ina danne dariya, su kuma 'yan banzan suna bayan mota suna birgima.

Dakuwa kuwa aikin ƙarfi ce. A soya aya a cikin yashi mai zafi, a murje ta, a daka, a tankaɗe. A soya gyaɗa a murje jan ɓawonta a fece a faifai. Sannan a haɗa su a turmi da citta da kanumfari da ɗan barkono da gishiri da sukari, a yi ta kirɓa. Da farko gari ne yana tashi yana sa atishawa. Kina daka, kina daka, kafaɗa na kuka, sai ki ji sautin turmi ya sauya daga ƙwal-ƙwal ya koma dim-dim. Man gyaɗar ne ya fito ya kama garin. Ba a ƙara mata ruwa, ba a ƙara mai, da man jikinta take haɗewa. Masu kai wa inji suna samun sauƙi, ban hana ku ba, amma ku tabbata mai injin bai niƙa tattasai kafin ku ba.

Wata dakuwa da aka taɓa sa ni yi, na ɗauka wasa ne. Maman Terna ce ta zo da maganar. Ma'aikaciyar jinya ce a asibiti, mutuniyar Binuwai, Kirista, ta daɗe a Ƙaura har Hausarta ta fi ta wasu. Da ma takan sayi wankakken riɗi a wurina ta yi miya, kullum muna gardama, ita ta ce riɗi ɗan garinsu ne ya zo ci-rani Zamfara, ni in ce namu ne ya ɓata hanya ya faɗa kudu. Ranar ta ce mini, "Mama, maigidana an auna shi, ciwon suga ne. Ga shi da son dakuwarki kamar yaro. Ki yi masa wadda babu sukari."

Na ce, "Madam, dakuwa babu sukari? To in yi mashi shayi babu ruwa mana in haɗa mashi."

Ta yi dariya ta ce in dai gwada, ita aya ai da zaƙinta. Na gwada don kar ta ce na ƙi. Na ƙara aya, na ƙara citta, na barbaɗa soyayyen riɗi. Na ɗanɗana, na sake ɗanɗanawa, sai ga ni na cinye cura uku a tsaye. Ashe duk shekarun nan sukari ne yake danne ƙanshin ayar. Ba a jima ba labari ya bazu. Manyan alhazai da 'yan fansho suka fara aiko, wasu kuma su zo da kansu su tsaya nesa kamar masu jiran mota, in mutane sun ragu su matso su ce, "Akwai ta masu lalura?" Ni kuma in ɗaga murya yadda kowa zai ji, "Alhaji, ta tsofaffi kake so?" Sai ya ce in rufa masa asiri.

To, sai shekarar nan da ba mai son tuna ta. Wasunku sun yi wayo lokacin. 'Yan bindiga suka matsa wa ƙauyuka, aka rufe kasuwanni, aka katse layin waya, motoci suka ɗauke ƙafa. Tasha ta koma fili, sai awaki. Sukari ya yi wuyar gani, in an gan shi kuma ba ya taɓuwa. Na kife kaskona. Ana cikin haka wata safiya sai ga ƙanena Lawali daga wajen Birnin Tsaba, shi da matarsa Saratu da yaransu, ƙafafu duk sun faffashe. Ba su fito da komai ba sai buhun riɗi guda da ya ɗauko a ka, da 'yar gyaɗa a ƙullin zane. Hatsi, awaki, duk an bar su can.

A bayan Saratu akwai autarsu Rabi. Yarinyar da aka yaye tuni, wadda aka ce mini har gudu tana yi, amma da aka sauke ta sai ta zauna inda aka ajiye ta kamar ƙullin kaya. Gashi ya yi ja ya yi laushi, ƙafafu sun kumbura, ba kuka ba dariya. In an miƙa mata tuwo sai ta kau da kai. Saratu ta ce ai tun da suka fara kwana a daji take haka, wataƙila iska ce ta taɓa ta. Na aika aka kira Maman Terna. Ta durƙusa ta danna bayan ƙafar yarinyar da yatsa, ta ɗauke, gurbin ya zauna bai taso ba.

"Mama, ba iska ba ce, tamowa ce. Wannan ta wuce a yi mata dabara a gida. Ku ɗauko ta yanzu."

Aka kwantar da su a asibiti, aka fara ba ta wata madara kaɗan-kaɗan har kumburin ya saɓe. Da ta fara karɓar abinci sai aka kawo wani abu a 'yar leda mai ƙyalli, aka ce magani ne, a riƙa matsa mata tana tsotsa. Ni da son sanin ƙwaƙwaf, da ya ɗiga a hannun Saratu sai na lakata na kai baki. Na tsaya. Na sake lasa.

"Madam! Wanga ai gujiya ta! Gujiya ta anka niƙa anka sa ma leda!"

Ɗakin nan duk matan suka fashe da dariya, har waɗanda suka kwana biyu ba su yi ba. Maman Terna ta riƙe ciki ta ce, "Ƙwarai akwai gyaɗa, Mama, amma da madara da wasu magunguna a ciki, kar ki je ki buɗe naki asibitin. Ki bar mu mu yi namu. In an sallame ta, sauran aikin naki ne." Ta zaunar da ni ta faɗa mini: gero, waken suya, gyaɗa, riɗi, a soya kowanne daban, a niƙa lukui, a riƙa dama mata kunu mai kauri sau da yawa a rana, a sa ganyen zogale a miya. Kada a ba ta ƙwaya sukutum, ta shaƙe. Na ce in dai suya da daka ne, an zo gidan.

Gero da waken suya na samu wurin maƙwabta, gyaɗa akwai 'yar kaɗan. Riɗi ne babu, nawa ya ƙare, kuma duk gidan ba mai shi sai Lawali. Shi kuwa buhun nan ya zame masa kujera da matashi, a kansa yake zama, a kansa yake jingina. Na same shi a zaure na ce ya kwance bakin buhu.

"Yaya, iri na. Shi kaɗai nib baro gida da shi. In munka canye shi, in Allah ya kawo lafiya mi za ni shibkawa?"

"Gona nawa gare ka, Lawali, da za ta canye buhun riɗi? Ko duk Zamfara za ka shibke?"

"Ba ki gane ba, Yaya."

Na gane sarai. Ba maganar shuka ba ce, buhun nan shi ne abin da ya rage masa na cewa shi manomi ne. Na bar shi na koma madafa. Washegari da aka sallamo su, Saratu ta shigo ta zaunar da Rabi a tabarmar zaure ta wuce ciki da kaya. Ina daga tsakar gida ina hango su, uba a kan buhu, 'ya a ƙasa, suna kallon juna. Can sai ga shi ya shigo yana jan buhun. Ya nemi gora, ya cika ta da riɗi, ya toshe bakinta da tsumma ya rataya a wuya kamar laya. Ya tura mini sauran da ƙafa.

"Ga shi nan. Amma ki rege shi da kyau."

Ni yake gaya wa rege!

Wannan buhu shi ya tashe mu. Na ware na kunun Rabi, sauran na ce sana'a za ta ci gaba ko babu sukari. Wani mai rake daga fadama ya kawo mazarƙwaila, na narka ta na yi kantu da ita, ya fito baƙi-baƙi mai ƙanshi, mutane suka ce ya fi na da. Tunda ba tasha, gida-gida muka riƙa bi. Matan da suka gudo daga ƙauyuka suna zaune a makarantar firamare ta bayanmu, da suka ji ƙarar turmi sai suka fara leƙowa, da yawansu da yara irin Rabi a baya. Kowacce ta kawo abin da ta samu, wannan ɗan gero, waccan 'yar gyaɗa, mu haɗa mu soya mu daka mu raba garin kunu. Na ari turame a unguwa. Ku zo ku ga lugude! Mata sun kewaye turmi, a jefa taɓarya sama a tafa a cafe, wata tsohuwa daga Dauran da ba ta da haƙori ko ɗaya ita ce gwanar juyi, tana daka tana karkaɗa kafaɗa. Maigidana ya leƙo ya ce, "Hajo, biki aka yi ba a gaya man ba?" Na ce ya matsa ya ba mu wuri ko ya karɓi taɓarya.

Rabi tana shan kunu. Da farko cokali biyu ta kau da kai, daga baya ta fara riƙe kofin da kanta, har ta kai in an makara sai ta yi ta buga shi a ƙasa. Kumatu suka fara fitowa, gashi ya fara baƙi daga tushe. Amma tafiya shiru. In an tsayar da ita sai ta koma ta zauna. Lawali kullum sai ya kama hannayenta ya ce, "Taka, Rabi, taka," ita kuwa ta dube shi kawai.

Wata rana da hantsi na gama kirɓa dakuwa mai laushi, na barbaɗa mata riɗin Lawali, na cura na jera a faifai, na ɗora a kan kujera 'yar tsugune a bakin madafa. Na juya ina kwashe wuta. Sai na ji wata mata ta ce, "La! La! Ku duba!" Na waiwaya. Rabi ce tsaye a gaban faifai, ba mai riƙe da ita, cura ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, ta uku a baki. Muka haɗa ido. Na daka mata tsawar wasa, "Ke! Ɓarauniya!"

Sai yarinyar nan ta juya ta zuba da gudu. Gudu fa, ba tafiya ba! Ƙafafu na harɗewa, ciki a gaba, ta ratsa tsakanin turame, kaji na watsewa. Mata suka yar da taɓare suka bi ta da guɗa, "A tare ta! A kama ɓarauniya!" Saratu na dariya tana share ido da bakin mayafi. Lawali ya ji hayaniya ya fito daga zaure a firgice, gorarsa na lilo a wuya, sai ga 'yarsa ta nufo shi gadan-gadan ta faɗa tsakanin ƙafafunsa ta ɓuya. Ya tsaya sototo. Na iso ina haki, muciya a hannu, na ce ya miƙo mini ɓarauniyata.

Ya sunkuya ya ɗauke ta ya ɗora a kafaɗa, dakuwa na zuba a hularsa. Ya ce, "Ba ni ba da ta. Riɗina na ta ɗauka, kayan ubanta na. Rabi, koma ki ɗebo muna wasu."

Ya sauke ta. Ta kuwa koma, da ƙafarta.